Amsar kawu ga ɗalibin likita mai shirin tafiya Zanzibar

Ɗana, na ga saƙonka tun daren Talata, na bari sai da na samu natsuwa. Ka ce makaranta ta amince ka yi mako shida na koyon aiki a asibitin Mnazi Mmoja da ke tsibirin Unguja na Zanzibar a ƙasar Tanzaniya, kana tambaya ko tarbiyyar gida, irin durƙusa wa manya da kunya da yadda ake bi da mata marasa lafiya a asibitin koyarwa na Shika, za ta yi maka aiki a can, ko kuwa ka ajiye ta a Kwangila ka ɗauka in ka dawo.

Mafi yawanta za ta yi maka aiki. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, suna girmama na gaba, ba sa son tsiraici. Abin da nake ji maka shi ne wannan kamannin. Wanda aka tura Ingila ya san shi baƙo ne, yana taka-tsantsan. Kai kuwa za ka sauka ka ji kiran salla, ka ga dattawa da farar riga da hula, mata da baƙin lulluɓi, ka ji ana cewa Alhamisi da Ijumaa, sai ka saki jiki kamar kana Ƙofar Doka. To, kama da wane ba ta wane.

Fara da gaisuwa, tunda ita ka fara tambaya. Sallama tana shiga ko'ina. Bayanta, ƙarami yakan ce wa babba "shikamoo", babba ya amsa da "marahaba". Asalin kalmar "na riƙe ƙafafunka" ne, wato durƙusonmu ne aka mayar da shi magana, don haka ba sai ka kai gwiwa ƙasa ba, ɗan rusunawa ya isa. A ɗakin majinyata ma kada ka kuskura ka tsuguna, domin gefen farar rigarka zai share ƙasa, ka kwashi abin da ka kwasa ka kai gado na gaba. Ka gaida duk wanda ya girme ka, har dattijuwar da ke goge ƙasa da tsohon da ke tura keken marasa lafiya, musamman nas-nas, don su za su nuna maka inda makullin kabad yake da ƙarfe biyun dare. Kafin ka ɗaga labulen gado ka ce "hodi", ka tsaya sai an ce "karibu". Kalmar da za ka fi amfani da ita kuwa ita ce "pole", daidai take da sannunmu: ga mai ciwo, ga mai jinya, ga wanda ka soka wa allura, ga wanda aka yi wa rasuwa.

Yanzu ga abin da ya fi gaisuwa haɗari, kuma shi ɗalibai suka fi rainawa: agogo. Da Swahili ana fara ƙirga sa'o'i ne daga fitowar rana, saboda kusa da tsakiyar duniya suke, rana ba ta cika sauya lokacin fitowa ba. Ƙarfe bakwai na safe shi ne "saa moja", ƙarfe ɗaya. Sha biyun rana "saa sita". Bambancin awa shida ne cur. In ka ce wa uwa ta dawo da yaro ƙarfe biyu kana nufin bayan azahar, tafinta ya juya lambar kai tsaye ya ce "saa mbili", to da takwas na safe za ta zo, ta wuni a benci, wataƙila ta gaji ta koma ƙauye ba a ga yaron ba. Maganin da ake sha duk bayan awa 8, wato shida na safe da biyun rana da goman dare, a bakinsu "saa kumi na mbili asubuhi" ne da "saa nane mchana" da "saa nne usiku". A fayil ka rubuta da lissafin awa 24, ga majinyaci kuma ka sa a faɗa da Swahili, sannan ka sa ya maimaita maka. In za ka ɗaura shan magani da lokutan salla, dabara ce mai kyau, amma ka sani ana kiran azahar a can wajen sha biyu da rabi, ba ƙarfe biyu irin na masallatanmu ba. Ranaku ma haka: daga Asabar suke ƙirgawa, Jumamosi, sai Jumapili Lahadi, Jumatatu Litinin. Mu Litinin ɗinmu daga biyun Larabci ta fito, su kuwa ranarsu ta biyu Lahadi ce.

Akwai kalmomin da za su shigo kunnenka kamar Hausa su yaudare ka. "Dawa" magani ne, ba hatsi ba. "Damu" shi ne jini, "jini" kuwa aljani ne, don haka ka kiyaye bakinka a gaban mai haihuwa. "Kaka" yaya ne namiji. Wadda ta fi duka ita ce kunyar da kake tambaya a kai: da Swahili "kunya" yin bayan gida ne, "kunywa" kuma sha. In za ka ce wa tsohuwa ta sha magani ka tabbata ka fito da wannan "w" ɗin, in ba haka ba nas-nas sun samu abin dariya har ranar da za ka tafi.

Batun duba mata. Ƙa'idar da aka koya maka tana nan: ba ka duba mace sai da nas mace a tsaye, ka nemi izini, ka buɗe iya wurin da za ka duba. Matan can suna zuwa da zanen da suke kira "kanga", falle biyu ne, da ɗan rubutu a gefe. Ka bar ta ta rufe kanta da shi, ita za ta ja shi sama ko ƙasa in ka ce ciki za ka taɓa, kada kai ka kai hannu. Sai wani abu da ba ka saba da shi ba. Mu Malikawa ne, su galibinsu Shafi'awa ne, da 'yan Ibadiyya kaɗan. A wurinmu taɓa mace ba ya karya alwala sai an nufi jin daɗi ko an ji shi. A mazhabar Shafi'i kuwa da fatar namiji ta haɗu da ta macen da ba muharramarsa ba, alwalar dukansu biyu ta tafi. Saboda haka in ka miƙa hannu za ka ji bugun jinin dattijuwa gab da la'asar ta janye, ba ƙyamarka take ba, alwalarta take tsarewa, ga wahalar zuwa famfo da ciwo. Sa safar hannu, magana ta ƙare, domin shamaki yana hana karyewar. A masallaci za ka ji liman ya bayyana bisimilla, da asuba ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u an ɗaga hannuwa, alhali mu a asirce muke yi kafin ruku'u. Bi limaminka ka yi shiru. Ba gyaran sallar kowa aka tura ka ba.

Wata al'adar da za ka kwance tamu ce ta likitoci, ba ta gida ba. A Zariya da damina, yaro ya zo da zazzaɓi, hannunka ya riga kanka rubuta maganin maleriya. Zanzibar ta yi yaƙi da cutar tun daga 2003 da sabon haɗin magani, sannan gidan sauro mai magani da feshin gidaje, har yawan masu ɗauke da ita ya sauko ƙasa da mutum 1 cikin 100, ko da yake takan ɗan taso lokaci-lokaci. Don haka ba a ba da magani sai gwaji ya nuna, wanda kuma aka samu da ita ana kai rahotonsa a bi shi har gida a gwada iyalinsa. Ka tambayi duk mai zazzaɓi ko ya tsallaka babban yankin Tanzaniya kwanan nan. In gwaji bai nuna komai ba, koma ka duba kunne, maƙogwaro, ƙirji da fitsari, ka tuna da taifot da zazzaɓin dengi. In kana zargin dengi, farasitamol kawai, ban da asfirin da ibuprofen saboda zubar jini. Kai kanka ka yi gwaji kafin ka tashi, kada ka kai musu tsarabar da ba su so.

Za ka ji kalmar "degedege", wato jijjigar yara. A ƙasar Swahili mutane da dama ba sa ɗaukarta ciwon asibiti, iska suke ɗauka, kuma akwai tsoron cewa in aka yi wa yaro allura yana cikin jijjiga zai mutu. Shi ya sa akan fara biyawa wurin mai maganin gargajiya, a iso asibiti a makare. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka, ka ga irinsa da sunan iskoki a nan. Kada ka tsaya musu da kaka a kan aljanu yaro yana kakkafewa. Kwantar da shi ta gefe, share baki, kada a cusa cokali, auna sukarin jini nan take. In jijjigar ta kai minti 5 ana ba da diazepam ta dubura, miligiram 0.5 ga kowane kilo, wanda ma ya kauce wa rigimar allura. In sukari ya faɗi, ruwan gulukos mai kashi 10, mililita 5 ga kowane kilo ta jijiya. Sannan a nemi dalili, har da sanƙarau. Duk wannan a gaban likitan da ke kula da kai, ba kai kaɗai ba. In yaro ya lafa sai a zauna da iyaye, a bar su su yi addu'arsu da tofinsu, abin da za a hana kawai shi ne ɗura wa yaron da ba ya cikin hayyacinsa wani jiƙo, domin huhu yake tafiya.

Akwai kuma abubuwan da ɗan Zazzau bai taɓa gani ba don ba mu da teku. Masunci ya taka kifi mai dafi, ƙafa tana masa zugi kamar wuta: a tsoma ta a ruwan zafi da bai wuce digiri 45 ba, minti 30 zuwa 90, zafi yana rage ƙarfin dafin, sannan a nemi guntun ƙaya a duba rigakafin tetanus. Gwada ruwan da hannunka tukuna, mai wannan ciwon ba ya jin yana ƙonewa. Naman kunkurun teku, da suke kira "kasa", wani lokaci yana zuwa da guba da ba ta da makari. A tsibirin Pemba ya kashe mutum 7 a Nuwamban 2021, ya kuma kashe 9 a Maris na 2024, yawancinsu yara. In gida guda suka zo da amai lokaci ɗaya, tambayi abin da aka ci, kai kuma ko an ba ka kada ka ci. Masu faɗowa daga bishiyar kwakwa ko ta kanumfari, a ɗauka ƙashin baya ya taɓu har sai an tabbatar da akasin haka, mutum huɗu su juya shi a miƙe kamar gungume. Tsargiya kuwa ka san ta, su "kichocho" suke cewa, maganin ɗaya ne, praziquantel miligiram 40 ga kilo. Kada ka yi wanka a tafki ko rafi.

Mugun labari ba aikin ɗalibi ba ne. Kamar a nan, dangi za su tare ka a baranda su ce a faɗa musu a ɓoye wa mai ciwo. Ka ce babban likita zai yi bayani, ka raka su wurinsa. In an yi rasuwa suna gaggauta jana'iza kamar mu, taimakon da za ka yi shi ne takardu su fita da wuri. In an kawo maka kwakwa ko mangwaro don godiya, karɓi da hannun dama ka ajiye a teburin nas-nas kowa ya ci. Kuɗi kuwa a'a, ko nawa ne. Hoton majinyaci ma haka, ko da kuwa ciwon bai taɓa zuwa Shika ba. Garin cike yake da masu yawon buɗe ido da gajeren wando, kada ka ga haka ka ɗauka mutanen gari sun yarda ne, haƙuri suke yi. In tafiyar ta faɗa cikin azumi, ko kana da uzuri ba a ci a fili.

Jikinka ma zai yi baƙunta. Zafinmu busasshe ne, nasu mai laima, gumi ba ya bushewa, wanki ma haka, musamman daga Maris zuwa Mayu da ake babban ruwa. Tafi da farar riga uku ta auduga, da hoda don matsematsi da tsakanin yatsun ƙafa, in ba haka ba ƙaiƙayi zai kama ka cikin mako biyu. Ruwa lita 3 a rana, na gora ko dafaffe, don kwalara takan ɓulla da damina. Katin rigakafin shawara za a nema a filin jirgi tunda daga Najeriya kake. Ka cika allurar rigakafin ciwon hanta guda 3 kafin ka tafi, kuma ranar farko ka tambayi inda ake ajiye maganin kariya daga ƙanjamau in allura ta soke ka: ana farawa ne cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28. Motoci ta hagu suke bi, ka dubi dama kafin ka tsallaka titi.

Suna gabanmu da awa biyu, don haka in za ka kira mahaifiyarka bayan isha'inku, mu a lokacin ko magariba ba a yi ba, tana kicin. Kafin ka tafi ka shiga cikin gari ka yi wa kakarka sallama da kanka, ba ta waya ba. Ta riga ta ji cewa ƙasar kanumfari za ka, ta ce mudu guda take so.

Kawunka.