Tambaya da Amsa: Sarƙar da Sarauniya Ba Ta Taɓa Sawa a Wuya Ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. A aji an ce mana badaƙalar wata sarƙar lu'u-lu'u ce ta zubar da mutuncin Marie Antoinette, sarauniyar Faransa. Shin da hannunta a ciki? Kuma me jakadun da ke Faris a lokacin suka rubuta wa ƙasashensu?
Ɗalibar tarihi, daga Maraɗi

Amsa: 'Yata, babu hannunta a ciki. Amma tunda kin ambaci jakadu, bari in fara da wasiƙar da ta haifi rigimar.

Louis de Rohan ya yi jakadan Faransa a Biyana, babban birnin Ostiriya, daga 1772 zuwa 1774. Daga can ya rubuto wasiƙa gida yana yi wa Maria Theresa, mai mulkin Ostiriya, ba'a kan rabon ƙasar Folan: wai hannu ɗaya hankici tana share hawaye, ɗaya hannun takobi tana yankar rabonta. Maria Theresa kuwa mahaifiyar Marie Antoinette ce. Magana zarar bunu. 'Yar ta daina ko kallonsa, har bayan ya zama Kadinal, wato babban limamin cocin Katolika.

Wannan ƙishin shiri da sarauniya shi wata mata, Jeanne de La Motte, ta hango. Ta ce masa ita aminiyar sarauniya ce, ta riƙa kawo masa wasiƙun jabu da wani Rétaux de Villette ke rubutawa da sunan sarauniya. A Agustan 1784 ta kai shi lambun fadar Versailles cikin duhun dare, inda wata budurwa mai kama da sarauniya, Nicole d'Oliva, ta miƙa masa fure. Dattijo da girmansa, ya koma gida yana murna.

Sarƙar kuwa ta wasu masu sayar da kayan ado ce, Boehmer da Bassenge, duwatsu 647, ta yi musu kwantai tun rasuwar sarki Louis na 15 a 1774. Aka ce wa Kadinal sarauniya na son sayenta a ɓoye, ya tsaya mata a kan livre (kuɗin Faransa na lokacin) miliyan 1.6, biya kashi huɗu. Ya karɓa a Fabrairun 1785, ya danƙa wa Jeanne. Aka ɓalle duwatsun, mijinta ya tafi Landan da su. Da lokacin biyan farko ya zo babu kuɗi, masu kaya suka kai kuka fada, asiri ya tonu.

Abin da ke ba ni dariya kullum shi ne sa hannun jabu da ke kan takardar cinikin: "Marie Antoinette de France". Sarauniyar Faransa sunanta kawai take sawa, ba ƙari. Tsohon jakada, wanda ya girma a fada, a ce bai lura ba! Ran 15 ga Agusta 1785 aka kama shi a Versailles sanye da kayan coci, daga baya aka kai shi kurkukun Bastille.

Wasiƙu kuma suka tashi. Sarauniya da kanta ta rubuta wa yayanta Joseph na 2, sarkin Ostiriya, a cikin watan nan tana ba shi labarin kamun. Jakadan Ostiriya, Mercy-Argenteau, yana aika rahoto Biyana, jakadan Birtaniya, Duke na Dorset, yana aikawa Landan, Thomas Jefferson na Amurka ma ya taɓo zancen. In kina karanta su, ki fara tambayar wa ya aiko mai rubutun. Mercy tun zuwan Marie Antoinette Faransa a 1770 shi ne idon mahaifiyarta a kanta, don haka ba daga bakinsa za ki ji alherin Rohan ba. Ni nakan fi ba su amana a kan ranaku da abin da ake raɗe-raɗi a fada, in rage musu a kan hukunci.

Kuskuren sarki Louis na 16 shi ne barin shari'ar ta je gaban kotun ƙoli ta Faris, a bainar jama'a. Lauyoyi suka buga bayanansu, mutane na rububin saye. Ran 31 ga Mayu 1786 kotu ta wanke Kadinal, jama'a suka yi ta shewa. Ma'anar hukuncin ita ce ta ƙona ran sarauniya: wato ba abin mamaki ba ne mutum ya yarda za ta iya ganawa da namiji a lambu da tsakar dare.

Jeanne ta sha bulala, aka yi mata lalas da harafin V na ɓarayi. A 1787 ta tsere daga kurkuku zuwa Landan, ta zauna tana buga littattafan ƙazafi a kan sarauniya har ta mutu a 1791.