Kun tambaya, mun amsa: sayen kibod mai suwic a Yamai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, ina zaune Harobanda, mu uku a ɗaki. Da rana ina buga kundin kammala karatu da Faransanci, wani lokaci da Hausa, da dare kuma mu yi wasan harbi da abokai ta intanet. Na je sayen kibod irin wanda ake kira mekanik, mai shago ya ce in zaɓa tsakanin ja, ruwan ƙasa da shuɗi. Wanne ya dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Launin da ya ambata na ƴar sandar suwic ne, wadda ke ƙarƙashin hular kowane maɓalli. A kibod na roba duk maɓallan suna zaune kan shimfiɗa ɗaya. A mekanik kuwa kowane maɓalli da nasa suwic, da sifirin da ƴan ƙarafa biyu masu haɗuwa idan ka danna. Kamfanin Cherry na Jamus ya kafa wannan al'adar launi, su Gateron, Kailh da Outemu suka bi sahu.

Ja yana sauka sumul, da nauyin kusan giram 45, harafi ya fita bayan milimita 2 cikin 4. Yana da daɗin wasa, amma mai ɗora yatsu da nauyi zai riƙa fitar da haruffan da bai yi niyya ba. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya, yatsa ya ji harafi ya shiga ba sai ya dangana da ƙasa ba. Shuɗi yana da tudun da kuma ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kuma sai ya ɗago sosai kafin ya karɓi dannawa ta biyu, abin da ke rage sauri a wasa. Tunda ku uku ne a ɗaki, ka bar shuɗi saboda zaman lafiya. Ɗauki ruwan ƙasa.

Sai dai akwai abin da ya fi launi muhimmanci, kuma nan ne mutane suka fi yin asara: tsarin maɓallan. Da yawa daga masu araha da ake shigowa da su QWERTY ne irin na Amurka, maɓallai 104. AZERTY na Faransa 105 ne. Dubi Enter: a na Faransa dogo ne, ya ci layi biyu, Shift na hagu gajere ne, kusa da shi akwai maɓallin < da >. Idan ka sayi na Amurka ka juya Windows zuwa Faransanci zai yi aiki, amma wancan maɓallin babu shi, kuma é, è, ç da à ba a rubuce suke ba, sai dai ka haddace. Wani lokaci a kan musanya hulunan A da Q, da Z da W, a ce maka AZERTY ne. Shafa yatsa kan layin: hulunan kowane layi da irin tsayinsu da karkatarsu, wadda aka ɗauko daga wani layi za ta yi tsuru ko ta lotsa. Ka kuma duba ko M tana dama da L.

Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba kibod ke kawo su ba, aikin manhaja ne. Da Microsoft Keyboard Layout Creator, wadda kyauta ce, za ka ɗora su kan AltGr, wato Alt na dama, tare da b, d, k da y, don gurbin nan huɗu a sake suke a tsarin Faransa. Saboda haka kada ka sayi ƙaramin kibod da ba shi da Alt na dama. Ko @ ba za ka samu cikin sauƙi ba.

Game da girma, wanda aka yanke masa ɓangaren lambobi na dama, mai maɓallai 88, yana ba maus fili. Amma a AZERTY sai da Shift lambobin sama ke fita, don haka in kundinka cike yake da alƙaluma, sayi cikakke. Ɗan mitsitsin da ake kira 60% ba shi da kibiyoyi, zai wahalar da kai wajen gyaran rubutu.

Kafin ka biya, a jona shi. Buɗe shafin rubutu, riƙe Shift biyu a tare, ka buga jimla. In wasu haruffa sun ƙi fita, haka zai yi maka a wasa sa'ad da ka riƙe Z da Q da Shift kana son tsalle. Nemi wanda aka rubuta NKRO a kwalinsa, wato mai karɓar duk maɓallan da aka danna lokaci guda, amma gwajin shi ne shaida.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu kusa da Babbar Kasuwa. Tun bayan hunturu harafin e yake fita biyu-biyu, ga shi rubutun wasu maɓallan ya goge. Ya lalace ke nan?

Amsa: Bai lalace ba, Hajiya. Ƙurar hunturu ce ta shiga tsakanin ƙarafan suwic ɗin, suna haɗuwa suna rabuwa a dannawa ɗaya. Kuma e ce ta fara saboda ita ta fi kowane harafi shan aiki a Faransanci.

Ki zare wayar tukuna. Ciro hular da ɗan maƙalin waya, a miƙe zuwa sama, ba a karkace ba. Hura iska da irin robar masu gyaran salula. Sannan ki danne sandar, ki ɗiga alkol mai digiri 90 ɗigo biyu ko uku a gefenta, ki danna kamar sau talatin, ki bar shi rabin awa ya bushe. Ban da ruwa, ban da mai ko fetur: mai yana kama ƙura ya zama taɓo, fetur yana cin roba.

In ya ci gaba, suwic ɗin za a canza. Idan kibod ɗin irin wanda ake zare suwic ba tare da dalma ba ne, ki kama shi sama da ƙasa da matsensa ki ja. Kafin ki sa sabo, dubi ƙafafun ƙarfensa biyu su kasance a miƙe. Lanƙwasasshiyar ƙafa ita ce ke sa sabon suwic ya ƙi aiki, kuma tura shi da ƙarfi yana ɓalle ramin daga allon. Idan sabon mai ƙafa biyar ne, allon kuma na uku, a yanke ƙafafun roba biyu na gefe da abin yankan farce. Ramukan Outemu matsattsu ne, ba kowane suwic ke shiga ba. Idan kuma na dalma ne, mai gyaran salula zai narka ɗigo biyu kawai, ya ɗauko suwic ɗin Pause da ba kya amfani da shi ya maye gurbin.

Daga yau ki riƙa rufe shi da ƙyalle in an tashi aiki, ki kife shi ki karkaɗe duk mako. In za ki sake saye, nemi suwic mai katanga kewaye da sanda, irin Kailh BOX. Rubutun da ya goge kuwa bugawa aka yi a saman robar ABS. Hulunan robar PBT, ko waɗanda aka zuba harafin da roba ta biyu, sun fi jure gumi da guga.

Tambaya: Malam, mai waya ko marar waya? Daga wani matashi a Talladjé.

Amsa: In wasa ne, mai waya, ɗana. Yawancin na wasa suna aika saƙo sau 1000 a daƙiƙa ta USB. Mai ɗan filogin 2.4 GHz yana kusa da haka. Bluetooth ya isa rubutu, amma yana da jinkiri. Marar waya galibi batirin litiyam ne a cikinsa, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana rage masa kwana, har ya kumbura, fitilun ado kuma suna shanye cajin. Zaɓi mai wayar USB-C da ake zarewa, don in ta tsinke wayar kaɗai za ka saya.