An Ga Tsiro a Mafitsarar Ɗana, Ko Ciwon Daji Ne?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 6 yana cikin fitsari sai ya ɗauke, ya yi ta nishi yana kuka, wani lokaci har da jini. Sau biyu yana shan maganin tsargiya. Da aka yi masa hoto sai aka ce akwai tsiro a bakin mafitsara. Na kasa barci. Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Ba kowane tsiro ne daji ba. Wanda ya fara ba shi maganin tsargiya ma bai yi laifi ba, domin a yankinmu, inda yara ke wanka a kududdufai da madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam, ita ce kan gaba wajen sa yaro fitsarin jini. Ita kanta takan tayar da tsiro a bangon mafitsara, wanda ke lafawa bayan an sha praziquantel, wato maganin tsargiyar.

Amma ɗaukewar fitsarin nan ce ta tsaya mini a rai. Akwai wani ɗan nama da muke kira polip, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ya fi samun yara maza. Laushi gare shi, yana reto a kan siririn jijiya. Da yaro ya yunƙura sai ya faɗa cikin hanyar fitsari ya toshe ta, kamar tsumma a bakin kwata. Da ya saki jiki sai ya koma, fitsari ya dawo. Irinsa ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki. Illarsa toshewar ce, domin in ta daɗe fitsari kan koma baya ya kumbura ƙoda.

Hoto kaɗai ba zai raba mana gardama ba, domin akwai dajin mafitsara da ke kama ƙananan yara, kuma yakan yi kama da wannan. Ki nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wurin likitan mafitsara ko na tiyatar yara. Galibi akan sa yaro barci, a zura siririyar na'ura mai kyamara ta hanyar fitsari, a yanke tsiron ba tare da an tsaga ciki ba, a kai shi ɗakin gwaji. Kada ki bar sakamakon nan a asibiti, ki karɓo ki nuna wa likita. In polip ne kuma an cire shi daga tushe, da wuya ya dawo.

Idan fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, ko zazzaɓi ya rufe shi, kada a jira wayewar gari, a kai shi asibiti mafi kusa a sa masa robar fitar da fitsari.