Zan iya mayar da laftof ɗina kan tsohuwar Windows? Tambayoyinku kan kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Na sayi sabuwar laftof ta zo da Windows 11, ni kuma wallahi tun da na fara amfani da ita ban ji daɗinta ba, komai an canza masa waje, madannin Start ya koma tsakiya, in ka danna dama a kan fayil sai ka sake danna wani abu kafin ka ga abin da kake nema, ga ta kuma kamar tana jan ƙafa. Wani abokina ya ce in kawo ya yi mata fomatin ya ɗora min Windows 10 kowa ya huta, shi ne na ce bari in tambaya tukuna, akwai matsala? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, ka kyauta da ka tambaya kafin a taɓa ta, don mafi yawa sai an gama fomatin ɗin sannan ake zuwa da kuka. Eh ana iya yi, amma tunda da Windows 11 ta zo daga kamfani to babu wani madanni da za ka danna ta koma baya, sai dai a goge komai a ɗora 10 daga filash, wato hotunanka da takardunka da duk manhajojin da ka saka za su tafi in ba ka kwashe su ba. Kuma kafin a fara ka shiga asusunka na Microsoft ka kwafe makullin BitLocker ɗinka, wato tsarin Windows da ke kulle ma'ajiyar kwamfuta, lambobi ne guda 48, saboda sababbin laftof da yawa suna zuwa da ma'ajiyarsu a kulle ba tare da mai su ya sani ba, in aka taɓa wani saiti a BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta buɗe, ta tashi tana neman lambobin nan ba ka da su, toh fayilolin nan ko wa ka kai wa ba zai iya ciro maka su ba.

Maganar lasisi ba ta da wahala, yana maƙale a jikin na'urar, in nau'in Windows 11 Home ce ta zo da ita ka ɗora Windows 10 Home, in Pro ce ka ɗora Pro, da ta hau intanet za ta kunna kanta. In aka ɗora maka Pro a kan mai lasisin Home ne za ka ga tana ta damunka da rubutu a kusurwar sikirin.

Inda gizo ke saƙar shi ne direbobi, wato 'yan manhajojin nan da ke sa Windows ta gane Wi-Fi da sauti da kyamara da faifan da kake jan yatsa a kai. Ni da kaina na taɓa zama da wata laftof mai furosesar Intel ƙarni na 11 zan ɗora mata Windows 10, filash ya tashi lafiya lau, na zo wajen da ake zaɓar inda za a ɗora sai na ga akwatin fayau, babu ma'ajiya ko ɗaya, kamar an cire SSD ɗin, wato ma'ajiyar laftof ɗin, daga ciki, ga faifan yatsan ma ya ƙi motsi sai da na nemo linzami na jona. Ba lalacewa ta yi ba, wani tsari ne na Intel da ake kira VMD wanda filash ɗin bai zo da direbansa ba, dole ko ka sauke direban Intel RST ka zuba a filash ka nuna masa, ko ka shiga BIOS ka kashe VMD ɗin. Da na wuce wannan aka gama ɗorawa, sai ga shi babu alamar Wi-Fi kwata-kwata, direban da zan sauke kuma yana intanet, sai da na jona waya da kebul na ari intanet ɗinta sannan aka samu aka fita. Shi ya sa nake cewa kowa, kafin a goge komai ka juya laftof ɗin ka karanta lambar samfurinta a ƙasa, ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka duba ko sun ajiye mata direbobin Windows 10. In ka ga Windows 11 kaɗai suka lissafa, dan Allah ka haƙura kawai, kar abokinka ya ce zai nemo a wani waje.

Sannan in furosesar taka Intel ce ƙarni na 12 zuwa sama, yawancinsu ƙwaƙwalwa iri biyu gare su, masu ƙarfi da masu tattalin batir, kuma Windows 11 ce aka gina ta san wane aiki za ta miƙa wa wanne, to kana iya komawa 10 ka ga saurin da kake nema bai zo ba. In kuma mai furosesar Snapdragon X ce, wannan ma kar a fara.

Abin da ya fi damuna dai shi ne tsaro. Microsoft ta daina bai wa Windows 10 sabuntawar tsaro ta kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, sai wanda ya shiga shirinsu na ESU, wato ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro, shi ma na mutum ɗaiɗai da suka sanar da shi a 2025 sun ce iyakarsa 13 ga Oktoba 2026. Ka ga sabuwar na'ura ce da kake fatan ta yi maka shekaru, a ciki za ka riƙa buɗe imel da asusun banki, gaskiya ban ga dalilin ɗora mata abin da masu shi suka sallama ba. Kuma abubuwan da ka lissafa duk suna da magani. Start ɗin, ka shiga Settings, Personalization, Taskbar, can ƙasa a Taskbar behaviors za ka mayar da shi hagu. Danna daman kuma ka riƙe Shift sannan ka danna, tsohon jerin da ka saba zai fito kai tsaye. Jan ƙafar, ka buɗe Task Manager ka kashe tarkacen da ke tashi tare da na'urar, ka kuma duba RAM nawa gare ta, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a kai, in 4GB ne to wannan shi ne mafi ƙarancin da Windows 11 ke karɓa, ƙara RAM ɗin in tana da gurbi zai fi maka fomatin amfani nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Malam ni tawa Windows 10 ce, ranar Juma'ar da ta wuce na danna wani abu ta koma 11, yanzu fanka sai ihu take batir kuma ba ya daɗewa, ya zan yi in dawo da ita yadda take ba tare da na rasa aikin makarantata ba? Daga wata ɗaliba.

AMSA: 'Yar'uwa taki mai sauƙi ce amma ki hanzarta, kwana 10 kacal Windows ke bayarwa. Ki shiga Settings, System, Recovery, za ki ga Go back, ki jona caji ki danna ki bar ta ta gama da kanta. Fayilolinki za su tsaya, amma duk da haka ki kwafe aikin makarantar a filash tukuna, kuma ki tabbatar kina tune da tsohon fasiwod ɗinki na Windows 10. Kar ki kuskura ki goge wata folda mai suna Windows.old don neman wuri, a cikinta tsohuwar take, in ta tafi ko kwana goman suka cika madannin zai dushe, sai fomatin. Amma fa ki sani kwanakin farko bayan an hau sabuwar Windows na'ura kan yi ta aiki a ɓoye tana sauke sabuntawa, in kina da sauran kwanaki ki ba ta biyu ko uku ki gani ko za ta lafa.

TAMBAYA: Malam ina da wata tsohuwar manhajar lissafi da nake aikin ofis da ita shekara da shekaru, a Windows 7 kaɗai take tafiya daidai, tsohuwar kwamfutar ta mutu na sayi sabuwa, za a iya ɗora mata 7? Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Ranka ya daɗe na fahimci halin da kake ciki, don abin da mutum yake cin abinci da shi ba a ce masa ya yar haka kawai, amma a sabuwar laftof Windows 7 wahala ce zalla. A 2009 ta fito, ba ta san USB 3.0 ba, ba ta san SSD irin NVMe ba sai an yi mata ƙari, ba ta tafiya da Secure Boot, wato tsarin tsaron da ke tantance abin da na'ura ke tashi da shi, kuma daga furosesar Intel ƙarni na 7 zuwa sama Microsoft ba ta goyon bayanta, ko an yi dabara ta hau za ka samu babu direban hoto ko na Wi-Fi. Tallafinta ya ƙare tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma a lamba 109 ya tsaya mata. Ka fara gwada wannan, danna dama a kan manhajar, Properties, Compatibility, ka zaɓi Windows 7, tsofaffin manhajoji da dama da haka suke tashi. In ta ƙi sai ka saka VirtualBox, kyauta ne, ka ɗora Windows 7 a cikinsa da lasisinka kamar kwamfuta a cikin kwamfuta, ka cire mata intanet gaba ɗaya ka riƙa buɗe ta don lissafin kawai. In kuma manhajar tana aiki da wani ɗan makulli da ake jonawa a USB, ka saita VirtualBox ɗin ya miƙa shi ga Windows 7 da ke ciki, in ba haka ba za ta ce ba ta gan shi ba. Bayanan lissafin kuma duk ƙarshen mako ka riƙa kwafe su a filash daban.