Ƙaramin injin CNC zai iya yanka mahaɗar katako?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Tudun Wada, Zariya. Na sayi ƙaramin injin CNC na hannu, wato injin yanka da kwamfuta ke sarrafawa, ina zana sunaye da ado a jikin alluna da shi. Yanzu ina so ya riƙa yanka mini mace da namiji na ƙafar tebur da haƙoran durowa. Na gwada sau biyu, namijin ya ƙi shiga. Injin zan canza, ko akwai dabara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam kafinta. Ba ka faɗi samfurin injin ba, kuma rabin amsar a nan take. In irin 3018 ne, mai fili santimita 30 da 18, wanda teburinsa ke tafiya gaba da baya, bar shi a kan zanensa. Motarsa mai juya bakin yanka ƙarama ce, jikinsa na lanƙwasa in ya ji katako mai tauri irin maɗaci. In kuwa teburin a tsaye yake, gadar da ke ɗauke da kan injin ce ke yawo a kansa, to akwai magana.

Abin da ya hana namijinka shiga, bakin yankan zagaye ne. Duk yadda ya juya ba zai fitar da kwana mai kaifi a cikin rami ba. Baki mai milimita 6 zai bar lanƙwasa ta milimita 3 a kowane lungu, namiji mai kwana huɗu kuma ya zo ya tokare a nan. Masu wannan harka kan sa baki ya ɗan kutsa cikin kowane lungu, ramin ya fito kamar ƙashin da kare ke gwaigwaya. Yana aiki, amma yana barin ƙananan huji a fili. A cikin kabad ba laifi. A teburin falon amarya kuwa ni ban yarda da shi ba. Gara ka sa injin ya zagaye kwanonin namijin, ko ka ɗauki cizal ka gyara lungunan, aikin minti biyu ne.

Babban gyaran shi ne ka tsayar da katakon. Injin an yi shi ne don allo a kwance, haƙoran durowa kuwa a bakin katako suke. Duba ko kan injin yana wuce gaban teburin da kamar santimita 4 ko 5. In yana wucewa, ɗaura faranti na filawud mai kauri a gaban, ya sauka ƙasa a tsaye, ka jawo injin bakin benci domin katakon ya samu wurin ratayewa. In ba ya wucewa, fasa doguwar taga a allon teburin, katakon ya leƙo ta ƙasa. Sa sukwaya ka tabbata farantin ya tsaya daidai ta fuska biyu, ka kafa ɗan shinge a gefe inda kowane katako zai jingina, sannan ka matse shi da kilam biyu. A haka baki yana ratsawa daga gaba zuwa baya, gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, sai haƙoran su fito da kwana tsaf ba ƙashin kare. Jingina wani guntun katako a baya, kada bakin ya ɓalle katakon wurin fita.

Wutsiyar kurciya, wato haƙoran da ke ƙara faɗi wajen baki, ita ma a tsaye ake yin ta, sai dai bakinta faɗi gare shi a ƙasa, ba ya sauka hawa-hawa. Fara share hanya da baki miƙaƙƙe, sannan na kurciya ya shiga ta gefe a cikakken zurfi.

Kada ka yi gaggawar sayen babbar mota. Da yawa suna ɗora Makita RT0700C, mai wat 710, a kan gada mai rawa, sai rawar ta ƙaru. Fara da ɗaure bel da notuna. Umarci injin ya tafi milimita 100, ka auna. In ya saɓa kuma manhajar GRBL ce ke sarrafa shi, gyara saitinta masu suna $100 da $101, waɗanda ke daidaita nisan tafiyarsa. In ka tashi sayen motar, duba ta kasance mai wutar volt 230, ba ta Amurka mai 120 ba. Kowane zagaye kada ya nutse fiye da rabin kaurin bakin.

Sai katakon kansa. Filawud da za a ce maka kaurinsa milimita 18 ne a kasuwar Sabon Gari, ka sa kalifa, ma'aunin kauri, ka gani, sau da yawa bai kai ba. Da abin da ka auna za ka yi zane. Bar sarari na milimita 0.1 zuwa 0.2 domin gam, ka gwada a guntu tukuna. Katakon da ka yanka ɗanye a watan Agusta zai tsuke in hunturu ya busa, mahaɗar ta yi sako-sako, don haka bar shi ya sha iska a rumfarka.

Ka kuma sa maɓallan gida, masu nuna wa injin mafarinsa, a ƙarshen kowane layin da yake tafiya a kai. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar haƙori na biyar, su ne za su mayar da injin inda ya san kansa, ka ci gaba ba tare da ka yar da katakon ba.