Wa ya cancanci buga wa jiha ƙwallo?

Ɗan'uwa, ka tambaya wa zai wakilci Gombe in an shirya gasa tsakanin jihohin Arewa maso Gabas, da yadda za a tsara ta. Ni dai ban yarda a dogara da takardar asalin ƙaramar hukuma kaɗai ba. Yaron da ya tashi a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe, yake atisaye kullum a filin wasa na Pantami, namu ne ko iyayensa 'yan Azare ta jihar Bauchi ne. A nemi katin NIN, wato shaidar ɗan ƙasa, da takardar haihuwa tun kafin rajista, domin rage shekaru shi ke kashe gasar matasa. Wanda ya buga wa jiha ɗaya kuwa, kada ya sauya a tsakiyar gasa.

Jihohi 6 ne, a raba su rukuni 2, zakarun su kara a wasan ƙarshe. Alƙalan wasa su fito daga jihar da ba ta cikin fili.