Ina yini a biro amma dosiye na nan inda na bar shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni ma'aikaci ne a wani biro nan Maradi, ɓangaren lissafin kuɗi, kullum ƙarfe 8 ina kan kujera amma wlh sai a tashi ban yi ko rabin abin da na ƙudurta ba, wannan ya shigo gaisuwa wancan ya kawo takarda a duba mishi, ga waya ga WhatsApp, in na samu na zauna kuma kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Har shef ya fara yi min magana. Mi zan yi dan Allah? Ƙaninka daga unguwar Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma ni ban ga lalaci a ciki ba, abin da na gani shi ne safiyarka kake rabarwa kyauta, alhali ita ce jarinka.

Ka san garin nan. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, in an yi azahar aka ci shinkafa da wake to kai ya yi nauyi sai hamma, wanda ya ajiye lissafi mai wuya sai lokacin ai shi ya ja ma kanshi kuskure. Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta, kuma sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura kayansa har ya yi arziki. Mu da muka tashi cikin ƴan kasuwa ba sai an yi mana dogon bayani ba, duba dai ƙarfe nawa masu lodi ke kama hanyar Ɗan Isa, wajen iyakar Najeriya.

To ga abin da nake so ka gwada. Kafin ka rufe biro da yamma ɗauki bik da ƴar takarda ka rubuta aiki uku na gobe, uku kawai, mafi nauyin a sama, ka ɗora dosiyensa a kan tebur. Da safe in ka gaisa da abokan aiki kada ka buɗe WhatsApp, sa wayar a aljihun tebur ka fara da na saman. In zaman ya yi maka tsawo akwai dabarar da wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da ita wajen ƙarshen shekarun 1980, ana ce mata Pomodoro: minti 25 kana aiki ɗaya ba waige, minti 5 ka miƙe ka sha ruwa, in ka yi zagaye huɗu sai ka ɗan huta sosai. Zagaye huɗun nan awa biyu ne fa kacal, amma a cikinsu za ka kashe abin da da kake yini kana jujjuyawa. Taura biyu ba ta taunuwa, ba a haɗa lissafin albashi da sauraren saƙon murya na gurup ɗin dangi.

Sai maganar baƙi, wadda ita ce ta fi wuya kuma ita na fi so mu tsaya a kai. Ba zan taɓa ce maka ka rufe ƙofa ka ɗaure fuska ba, mu ba haka aka rene mu ba, gobe kai ma kana da buƙata a wani biro. Amma gaisuwa daban, zama daban. In mutum ya shigo kai ka miƙe tsaye ka tarbe shi, ku gaisa a tsaye da fara'a, ya gida ya iyali, don da zarar ya zauna aka kawo shayi to rabin awa ta tahi. Sannan ka ce "Alhaji ka yi haƙuri akwai aikin da ake jira a hannuna, dawo ƙarfe 11 in duba maka da natsuwa". Kuma in 11 ta yi ka cika alkawari, nan ne sirrin yake, mutane ba sa jin haushin a ba su lokaci, abin da ke ɓata musu rai a yi ta ce musu je ka dawo. Dattijon da ya taso daga Tibiri ko Madarumfa kuwa wannan kada ka maida shi, sallame shi nan take, kuɗin mota ya kashe. Sati biyu in ka riƙe haka za ka ga su da kansu sun san lokacinka.

Kuran kam ba a hannunka yake ba. Ka raba aikinka gida biyu, na kwamfuta da na hannu. Muddin akwai wuta yi na kwamfuta, kana danna Ctrl da S a kai a kai don adana aikin, abin da za a buga a buga tun da wuri. In ta ɗauke sai ka jawo jera rasit, sa hannu, kiran waya, kai takarda biro na kusa, maimakon fita gindin bedi a kafa hira.

Shi kuma shef, kada ka jira ya sake kiranka. Ranar Litinin da safe ka same shi da takardarka ka ce ranka ya daɗe ga abubuwan da ke gabana, wanne kake so ya fara fita? In ya ƙaro wani a tsakiyar sati ka tambaye shi cikin ladabi wanne za a ɗaga. Ka gwada zuwa ƙarshen wata, lokacin da aikin albashi ke taruwa, sai ka sake rubuto min in ji yadda kuka kwashe da masu gaisuwar.